Jaɓa ba kusu ba ce

Yara, wa bai san jaɓa ba? In dare ya yi, an gama cin tuwo, gida ya yi tsit, sai a ji wata siririyar tsuwa a gindin bango. Wani ɗan abu mai duhu ya wuce da sauri ta bayan randa, ya bar wari cikin ɗaki. Nan take sai wani ya ce: "Kusu ne, a ba ni sanda!" Wani kuma ya ce: "A'a, jaɓa ce, ba ka ji warinta ba?"

Mutane da yawa suna tsammani jaɓa wani irin kusu ne mai wari. Ba mu kaɗai muka yi wannan zato ba. Da faransanci ana ce mata musaraigne. Kalmar ta fito daga latinanci, ma'anarta "kusu-gizo", wato mutanen Turai na da can su ma sun ɗauke ta kusu. Amma Hausawa sun ce: kama da wane ba wane ba ne. A cikin wannan darasi za mu dubi jikin jaɓa gaɓa-gaɓa, mu ƙidaya haƙoranta, mu nemi danginta na kusa da na nesa, har can nahiyar Asiya. Sanin haka yana da amfani, domin kusu hatsi yake ɓarna cikin rumbu, jaɓa kuwa ƙwari take farauta. Wanda bai san bambancinsu ba zai kashe mai gadi ya bar ɓarawo.

1. Mu dubi jikinta

Sau da yawa mussa, wadda wasu ke kira kyanwa, takan kashe jaɓa ta yar a tsakar gida ba ta ci ba. In kun sami irin wannan, ku gaya wa malam. Kada ku taɓa ta da hannu. A tura ta da ɗan kara bisa takarda, a kawo ma'aunin santimita, a duba da kyau.

Babbar jaɓa, wadda ke shiga gidaje a ƙasashenmu, tsawonta daga hanci zuwa gindin wutsiya santimita 11 zuwa 14 ne. Wutsiyarta santimita 7 zuwa 10. Nauyinta bai wuce na ƙwan kaza ba sosai, wato wajen giram 35 zuwa 65.

Kanta dogo ne. Hancinta siriri ne mai tsini, ya zarce leɓen ƙasa. In tana da rai, kullum hancin nan yana motsi, dama da hagu, sama da ƙasa. Gefen hancin akwai dogon gashin baki. Da shi take taɓa abin da ke gabanta cikin duhu, kamar yadda makaho ke lalube da sandarsa.

Idanunta ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙwayar hatsi. Ba ta gani sosai. Da hanci da kunne da gashin baki take neman hanyarta. Shi ya sa take bin gindin bango, ba ta son ratsa fili.

Gashin jikinta gajere ne, mai laushi, mai kauri. Launinsa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, wani lokaci har ya kusa baƙi. Cikinta ya fi bayanta haske.

Ƙafafunta gajeru ne. Ku ƙidaya yatsun: biyar a kowace ƙafa, gaba da baya. Kusu kuwa dogayen yatsu huɗu ke gare shi a ƙafar gaba, da ɗan guntun babban yatsa, sai biyar a ƙafar baya.

Wutsiyarta tana da kauri a gindi, ta sirance a ƙarshe. In kun duba da kyau za ku ga dogayen gashi a warwatse jikinta, ɗaya nan ɗaya can. Ku riƙe wannan alama, za mu komo kanta.

2. Haƙora su ne shaida

In masana suna so su san dangin dabba mai shayarwa, abu na farko da suke dubawa shi ne haƙora. Haƙori ba ya ƙarya, domin shi ke nuna abin da dabba ke ci.

Kusu yana da haƙora 16. Huɗu suna gaba, biyu sama biyu ƙasa, masu faɗi da kaifi kamar bakin gizago. Bayansu akwai giɓi babba, sannan turame 12 na niƙa. Haƙoran gaban nan ba su daina tsiro muddin kusu yana raye. Dole ya yi ta gaigaya don su rage tsawo. Shi ya sa yake cinye buhu da ƙwarya da tabarma da littafi. Duk dabbobin da ke da irin haƙoran nan ana kiran su masu gaigaya. Kusu, wanda wasu ke kira ɓera, da gafiya da kurege da beguwa duk cikinsu suke.

Jaɓarmu tana da haƙora 28. Babu giɓi tsakaninsu, a jere suke daga gaba har baya, kowane da tsini. Na gaba na sama sun lanƙwasa kamar ƙugiya. Na gaba na ƙasa dogaye ne, sun miƙe gaba. In suka haɗu, aikin awartakin maƙeri suke yi: su cafke ƙwaro, ba ya kuɓuta. Na baya kuma su fasa ɓawonsa. Irin waɗannan haƙora ba su niƙa hatsi, ba su huda buhu.

Akwai wani abu kuma. Ku yara kuna famfara, haƙori ya faɗi wani ya fito. Jaɓa tun tana cikin uwarta take rabuwa da haƙoran nono. Waɗanda suka fito mata bayan haka, da su za ta yi rayuwarta duka. In sun cinye, ba su sake tsirowa. Tsohuwar jaɓa mai cinyayyun haƙora ba ta iya farauta da kyau. Yawancinsu ba su wuce shekara ɗaya ko biyu a duniya.

3. Abincinta

Jaɓa mafarauciya ce. Tana cin kyankyaso da gyare da fara da gara da buzuzu da gizo-gizo da tsutsa da tana. Babba takan kama ɗan kwaɗo, ko ɗan ƙadangare, ko jaririn kusu. In ta sami guntun nama ko kifi a buɗe, ba ta ƙi.

Tana son wuri mai laima da ciyawa, inda ƙwari ke taruwa. Garkunan fadamar Dallol Mawri, da gindin rake, da tarin kara, da bayan ɗakin girki, duk wuraren da suka dace da ita ne. Yawanci da dare take fita.

4. Me ya sa kullum take jin yunwa?

Ku zuba kunu mai zafi cikin babbar tukunya, ku zuba wani cikin ludayi, ku ajiye su waje ɗaya. Wanne zai fara hucewa? Na ludayi. Ƙaramin abu ya fi babba saurin rasa zafinsa.

Haka yake ga dabbobi. Jikin mai shayarwa kullum da ɗumi yake, abinci kuwa shi ne itacen da ke hura wutar jiki. Saniya kamar tukunya take, tana riƙe ɗuminta. Jaɓa kamar ludayi take, ɗuminta yana fita da sauri. Dole ta yi ta ci don kada wutar ta mutu. Ƙananan ire-iren jaɓa sukan ci abincin da ya kai nauyin jikinsu a kwana ɗaya, wasu ma har su wuce. Akwai waɗanda in suka yi ƴan awoyi ba su ci ba, sai su mutu.

To, ku tuna abin da take ci. Dabbar da ba ta ƙoshi, abincinta kuwa kyankyaso da gara da fara, ashe aiki take yi wa mai gida da mai garka, ba lada.

5. Wari da haihuwa

A gefen jikin jaɓa, dama da hagu, akwai wasu ƴan kumburi cikin fata. Su ke fid da maiƙo mai wari. Tana goga shi a kan hanyar da take bi, don sauran ƴan'uwanta su san ta wuce. Warin nan kuma yana kare ta. Mussa takan kashe ta bisa kuskure, amma in ta ji warin sai ta bar ta. Mujiya ce ba ruwanta da wari, takan haɗiye jaɓa ɗungum.

Jaɓa tana ɗaukar ciki wajen wata ɗaya. Takan yi sheƙa da busasshiyar ciyawa a ɓoye, ta haifi ƴaƴa kaɗan, sau da yawa uku ko huɗu. Ana haihuwarsu tsirara, ido rufe. Uwar tana da nono shida, tana shayar da su.

In wani abu ya tsoratar da su, uwar takan canza musu wuri. Ɗan farko ya kama gashin gindin wutsiyarta da haƙora, na biyu ya kama na farko, na uku ya kama na biyu. Sai su tafi a jere kamar ayarin raƙuma. Wanda ya gan su cikin duhu yana iya cewa maciji ne.

6. Yadda masana ke jera dabbobi

In za ku aika wa abokinku wasiƙa, ba sunansa kaɗai za ku rubuta ba. Za ku sa ƙasa: Nijar. Ku sa jiha: Doso. Ku sa gunduma: Tibiri. Ku sa komin, misali Kore Mairuwa, ko Dumega, ko Geceme. Sannan ku sa gari, da gidan da yake, da sunansa. Kowane mataki ya fi na gaba da shi faɗi. Mutanen Nijar miliyoyi ne, mutanen gida ɗaya ƴan kaɗan ne.

Haka masana ke yi wa dabbobi. Ga adireshin jaɓarmu:

Mataki na 1: dabbobi masu ƙashin baya. Nan akwai kifi da kwaɗo da maciji da tsuntsu da akuya.

Mataki na 2: masu shayarwa, wato masu gashi da ke ba ƴaƴansu nono. Sun fi iri 6,000 a duniya. Nan akwai saniya da jemage da giwa da kusu da jaɓa, har da mutum.

Mataki na 3: rukuni. A nan hanyar jaɓa ta rabu da ta kusu. Kusu ya shiga rukunin masu gaigaya. Jaɓa ta shiga rukunin da a da ake kira masu cin ƙwari, yanzu masana ke ce masa Eulipotyphla. Cikinsa akwai bushiya, da wata dabbar Turai da Asiya da Amurka mai gina rami ƙarƙashin ƙasa, wadda ake kira taupe da faransanci.

Mataki na 4: dangi. Dangin jaɓa duka sunansa Soricidae. Sun fi iri 400.

Mataki na 5: gida. Gidan jaɓarmu sunansa Crocidura. Ma'anar sunan da harshen Girka ita ce "wutsiya mai zare-zare". Kun tuna dogayen gashin nan na wutsiya? Su suka ba gidan sunansa.

Mataki na 6: iri. Irin babbar jaɓarmu sunansa olivieri.

Ku lura da wani abin mamaki a mataki na 3. Bushiya tana da ƙaya, beguwa tana da ƙaya. Wanda ya dubi riga kaɗai zai ce ƴan'uwa ne. Amma haƙoran beguwa na gaigaya ne, ƴar'uwar kusu ce. Haƙoran bushiya masu tsini ne, ƴar'uwar jaɓa ce.

A yau masana sun ƙara da wani awo. Suna duba ƙwayoyin gado da ke cikin tsoka da jini, waɗanda ake kira ADN da faransanci. Da wannan awo, daga ƙarshen shekarun 1990, suka gane wasu dabbobin da aka daɗe ana sa wa cikin masu cin ƙwari ba dangin jaɓa ba ne, suka fitar da su. Shi ya sa rukunin ya sami sabon suna.

7. Sunaye biyu

Mu muna cewa jaɓa, Faransawa suna cewa musaraigne, kowace al'umma da sunan da take kiranta. Don kada a ruɗe, masanan duniya sun yarda kowace dabba ta sami suna ɗaya na latinanci mai kalmomi biyu: sunan gida da sunan iri. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Karl Linne shi ya kafa wannan tsari, ya jera dabbobi da shi a shekarar 1758. Sunan babbar jaɓarmu ke nan Crocidura olivieri. Kalmar farko da babban baƙi ake fara ta, ta biyu da ƙarami.

Sunan nan yana da labari. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna suna girmama jaɓa. Sukan shafe gawarta da magani, su naɗe ta da ƙyalle, su ajiye, kamar yadda suke yi wa gawar manyansu. Wani Bafaranshe mai nazarin halittu, sunansa Olivier, ya je Masar ya ga irin waɗannan gawarwaki. A shekarar 1827 wani masanin, sunansa Lesson, ya sa wa dabbar sunan Olivier. Daga baya aka gane irin nan yana raye, ya bazu daga Senegal zuwa Habasha, har kudu da Kwango, da bakin kogin Nilu. Ita ce wadda ke bin gindin bangon ɗakunanmu. Ban da ita, akwai wasu ƙananan ire-iren jaɓa a dajin Sahel, kamar Crocidura lusitania, wadda ba ta kai rabin tsawon babbar ba.

8. Danginta na Asiya

Akwai jaɓa a Afirka da Turai da Asiya da Amurka ta Arewa, da arewacin Amurka ta Kudu. Babu ita a Ostiraliya. An raba dangin kashi uku. Akwai masu jan haƙori, waɗanda tsinin haƙoransu ja ne saboda sinadarin ƙarfe da ke ciki. Sun fi yawa a ƙasashe masu sanyi. Akwai masu farin haƙori, na Afirka da Asiya da kudancin Turai. Tamu cikinsu take. Kashi na uku ƴan kaɗan ne, a Afirka kaɗai suke.

Bari mu dubi uku daga masu farin haƙori na Asiya.

Ta farko ita ce jaɓar gida ta Asiya, Suncus murinus. Linne da kansa ya sa mata suna a shekarar 1766. Tana zaune a Indiya da kudancin Sin da tsibiran Indonesiya da ƙasashen da ke tsakani. Girmanta ya yi kusa da na tamu, wani lokaci ta fi ta. Tana shiga gidaje, tana da wari, tana cin kyankyaso. A ƙasar Sin ana ce mata kusun kuɗi, domin kukanta ya yi kama da ƙarar sulalla. Ta ɓuya cikin kayan jiragen ruwa, ta isa gaɓar gabashin Afirka da Madagaska da tsibirin Moris. A wasu tsibiran da ta shiga baƙuwa, ta yi ɓarna ga ƙananan ƙadangarun wurin. In kun gan ta za ku ce tamu ce. Amma a ƙidaya haƙora: nata 30 ne. Tana da ɗan ƙarin haƙori guda a kowane gefe na sama. Saboda haka gidanta daban, sunansa Suncus.

Ta biyu ita ce autar dangi, Suncus etruscus. Wani masanin Italiya mai suna Savi ya bayyana ta a shekarar 1822. Ana samunta a kudancin Turai da arewacin Afirka, ta bi ta ƙasashen Larabawa da Indiya har Maleziya. Tsawon jikinta, ban da wutsiya, wajen santimita 4 ne, kamar tsinken ashana. Nauyinta bai cika giram 2 ba, bai kai rabin ƙwarar sukari ba. In nauyi aka duba, babu mai shayarwa da ya fi ta ƙanƙanta a duniya. Zuciyarta takan buga har sau 1,500 a minti ɗaya. A kwana ɗaya takan ci abin da ya kai nauyinta sau ɗaya da rabi ko sau biyu. Ita ma haƙoranta 30.

Ta uku ita ce ƴar ƙaramar jaɓa mai farin haƙori ta gabashin Asiya, Crocidura shantungensis. Wani masanin Amurka mai suna Miller ya sa mata suna a shekarar 1901. Sunan ya fito daga lardin Shandong na ƙasar Sin. Tana zaune a Sin da Koriya da gabashin Rasha. Tsawon jikinta wajen santimita 5 zuwa 6 da rabi ne, wato kusan rabin tamu. An daɗe ana haɗa ta da wata ƙaramar jaɓa ta Turai, ana cewa iri ɗaya ne, kafin bincike ya raba su. Haƙoranta farare ne, 28. Wutsiyarta tana da dogayen gashi a warwatse. Ku dubi kalmar farko ta sunanta: Crocidura. Gidansu ɗaya da jaɓarmu.

Kun gani? Ƴar jaɓar da ke can Koriya, dubban kilomita daga Tibiri, ƴar gida ɗaya ce da tamu. Kusun da ke kwana ɗaki ɗaya da ita kuwa, tun a mataki na 3 suka rabu.

Gidan Crocidura yana da wajen iri 200. Babu gidan masu shayarwa da ya kai shi yawan iri. Har yanzu ana gano sababbi. A shekarar 2021 masana sun bayyana sababbin iri 14 a lokaci ɗaya, duk daga tsibirin Sulawesi na ƙasar Indonesiya.

9. Yaya za mu zauna da ita?

Mai ɓarnar rumbu kusu ne. Akwai wani irinsa da ya yi yawa a gidaje da gonakin Afirka, sunansa Mastomys natalensis. Macensa tana da nono har wajen 20, takan haifi ƴaƴa goma ko fiye a ciki ɗaya. Yana cin hatsi da wake da gujiya, ya ɓata sauran da fitsari da kashi. Shi ne kuma ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a shekarar 1969 a garin Lassa na Najeriya.

Jaɓa ba ta huda rumbu, ba ta gaigaya buhu. In kun gan ta a garka, ko gindin rumbu, ko bayan gida, ku ƙyale ta ta yi aikinta.

Amma ita ma ba abin wasa ba ce. Tana bin shara da magudanar ruwa, tana iya ɗauko ƙwayoyin cuta. In aka kama ta da hannu, tana cizo. Saboda haka ga abin da ya kamata:

A rufe abinci da randar ruwan sha kafin a kwanta.

A share tsakar gida, a nisantar da shara da tarin kara daga ɗakin kwana.

A toshe ramukan gindin bango da laka. In babu ƙwari cikin ɗaki, jaɓa ba ta da abin nema a ciki.

In ta shigo, a buɗe ƙofa a kore ta da tsintsiya.

Mushen jaɓa ko na kusu, a ɗauke shi da kara ko shebur, a binne, a wanke hannu da sabulu.

Maganin kusu guba ne. Yana kashe kaji da mussa, yana iya kashe ƙaramin yaro. Yara ba su taɓa shi. In kun ga an ajiye shi inda ƙannenku ke wasa, ku gaya wa manya.

Abin tunawa

Jaɓa dabba ce mai shayarwa. Tana da dogon hanci, ƙananan idanu, yatsu biyar a kowace ƙafa, da haƙora masu tsini. Abincinta ƙwari. Danginta Soricidae. Sunan babbar jaɓarmu Crocidura olivieri, haƙoranta 28. Kusu mai gaigaya ne, haƙoransa 16. Bushiya ce ƴar'uwar jaɓa.

Tambayoyi

1. Ku faɗi alamu huɗu da ke bambanta jaɓa da kusu.

2. Don me kusu ke gaigaya kullum?

3. Me ya sa ƙaramar dabba ke bukatar ci akai-akai?

4. Tsakanin bushiya da beguwa, wacce ce ƴar'uwar jaɓa? Me ya nuna haka?

5. Wace jaɓar Asiya ce gidansu ɗaya da tamu? Yaya kuka gane?

6. Mene ne amfanin suna mai kalmomi biyu?

Lissafi

1. Zuciyar autar jaɓa tana bugawa sau 1,500 a minti ɗaya. Sau nawa ke nan a daƙiƙa ɗaya?

2. Ku aza yatsu biyu a wuyan hannunku, ku ƙidaya bugun zuciyarku na minti ɗaya. Sau nawa nata ya ninka naku?

3. Nauyin wani yaro kilo 30 ne. Da zai ci ninki biyu na nauyinsa a kwana ɗaya, kilo nawa zai ci? In tiya ɗaya kilo 2 da rabi ce, tiya nawa ke nan?

Aiki

1. Ku zana kan jaɓa da kan kusu gefe da gefe cikin littafinku. Ku nuna hanci da ido da haƙora.

2. Mujiya ba ta narkar da gashi da ƙashi. Takan amayo su dunƙule-dunƙule a ƙarƙashin wurin da take kwana. Ku nemi irin waɗannan dunƙule tare da malam. A jiƙa su da ruwa, a buɗe da tsinke, a ware ƙasusuwan kai. Wanda ke da giɓi bayan haƙoran gaba na kusu ne. Wanda haƙoransa ke jere da tsini na jaɓa ne. Ku rubuta nawa kuka samu na kowane. In kun gama, ku wanke hannu da sabulu.

3. Ku tambayi kakanninku abin da suka sani game da jaɓa: karin magana, ko tatsuniya, ko abin da ake cewa in ta shiga gida. Ku rubuta da hausa, ku kawo gobe mu karanta cikin aji.